Kilomita 70 Saboda Loma Ɗaya

Duk malamin lakwal ɗan Katolika da gwamnati ta taɓa turawa ƙauye a ƙasar nan ya san wata tambaya. Ba a yi masa ita ranar da ya sauka, sai an saba, an sha shayi tare, an haɗa hannu a kwano ɗaya. Sannan wata ranar Asabar, in aka ga yana ɗaure jaka a bayan babur zai tafi birni ya kwana don ya samu Misa da safiyar Lahadi, wani zai ce: "Mushe, wai Allahn naku ba ya jin addu'a daga nan ne? Sai ka ƙona man jika 3?" Ni a garuruwa uku aka yi mini ita cikin shekara 19 da na yi ina riƙe da alli, kuma ba ta taɓa ɓata mini rai ba, don tambaya ce mai ma'ana. Musulmi in lokacin salla ya riske shi a gona zai yi alwala ko taimama, ya fuskanci alƙibla, ya sauke farali. Ɗan'uwana Kirista na cocin bishara, in yana da Littafi Mai Tsarki da mutum biyu ko uku, ya yi sujadarsa a gindin bedi. To ni me ya hana ni zama wuri ɗaya? Garin da na fi daɗewa a cikinsa, tsakaninsa da cocin da ke da fada kilomita 70 ne, rabi yashi.

Amsar tana cikin wata kalma da ba ta da Hausa: sakramenti. Daga Latin ta fito, kuma a zamanin daular Rum da ita ake kiran rantsuwar da soja ke yi ranar da ya shiga aiki. Kiristocin farko masu jin Girkanci kuwa wata kalmar suke faɗa, wadda in ka juya ta kai tsaye zuwa Hausa sai ta ba ka "asiri", kuma har gobe haka Kiristocin Girka ke kiran abin. Ka ga inda gizo ke saƙar. Ka ce wa Bahaushe za ka birni karɓar asiri, ai kafin ka tada babur labari ya zaga gari cewa malamin yara yana da boka. Shi ya sa muka riƙe baƙuwar kalma, duk da nauyinta a baki.

Abin da Ikkilisiyar Katolika ke koyarwa, kamar yadda yake a babban littafin katikisma da aka fitar a 1992 zamanin Paparoma Yohana Bulus na Biyu, shi ne cewa sakramenti alama ce da ido ke gani, wadda Almasihu ya kafa ya damƙa wa Ikkilisiya, kuma wadda ke ba da ainihin alherin da take nunawa. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce duk maganar. Alamu iri biyu ne. Allon bakin hanya da aka rubuta wa "Damagaram" da yawan kilomita alama ce, amma ko ka kwana a gindinsa ba zai matsar da kai ko taku ɗaya ba. Rawanin sarauta shi ma alama ce, sai dai wata iri. Da safe mutum ɗan sarki ne kamar sauran ƴan'uwansa. Aka zaunar da shi, aka naɗa masa rawani a gaban jama'a, aka busa algaita, ya tashi sarki. Ƙyallen bai canza ba, ana sayar da irinsa a kasuwa, amma naɗin ya aikata abin da yake faɗa. Da wannan misali nake fara bayani in an tambaye ni, kuma nan take ake gane inda na dosa. Misalin yana da iyaka: ƙarfin rawani daga yardar masu zaɓen sarki da takardar hukuma yake, a wajenmu kuwa mai aikin cikin sakramenti Almasihu ne da kansa, mutum hannu kawai ya bayar.

Daga nan sai a ce, to Allah me zai yi da ruwa da mai da gurasa? Ba ya bukatarsu. Mu ne masu bukata. Toma Akwinas, malamin tauhidi ɗan Italiya da ya rasu a 1274, hujjarsa ta farko a kan wannan ita ce halittar ɗan Adam: ta ƙofar ido da kunne da fata yake kaiwa ga abin da ba a gani. Duk wanda ya taɓa riƙe ajin farko ya san haka ba tare da ya karanta Akwinas ba. Ka tsaya gaban yara 60 ƴan shekara bakwai ka ce biyu da uku biyar, za su maimaita da ƙarfi har a ji su a bakin rijiya, gobe ka tambaya ka tarar babu komai. Ka sa kowa ya tsinto tsakuwa, ya jera biyu, ya ƙara uku, ya ƙirga da yatsansa, shi ke nan ya zauna. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi gani. Mutumin da aka zuba wa ruwa a ka yana da rana da wuri da shaidu. In shakka ta taso masa bayan shekara 30, yana da abin da zai nuna wa zuciyarsa.

Kuma koyarwar ta fito fili ta ce Allah bai ɗaure kansa da sakramenti ba, yana iya kai alherinsa inda ya so ta hanyar da ya so. Saboda haka amsar da nake ba abokan shayina ita ce e, yana jin addu'ata daga ɗakina, kuma ina yin ta safe da dare. Abin da nake zuwa nema a birni ba a samun shi da addu'ar ɗaki.

Sakramenti bakwai ne: baftisma, ƙarfafawa, Yukaristiya wato Jibin Ubangiji, furta zunubi, shafa wa mara lafiya mai, naɗin firist, da aure. Ba rana ɗaya aka tsayar da wannan adadi ba. Ana yin abubuwan tun farko, amma jera su bakwai cif ya kafu ne a ƙarni na 12 ta hannun malamai irin su Bitrus Lombad na birnin Paris. Da Martin Luta ya tashi a Jamus, ya rubuta a 1520 yana rage su, har aka dawo kan biyu, baftisma da Jibin Ubangiji, sai majalisar bishop-bishop da ta zauna a Tirento ta arewacin Italiya ta yanke a 1547 cewa bakwai ne, babu ragi babu ƙari. Wannan tsohuwar gardamar Turai tana nan da ranta a yankin Maraɗi. Yawancin Hausawa Kiristoci na wajen Tsibiri da Galmi daga aikin mishan ta SIM suka fito, biyun nan suke riƙe da su, kuma ko su ma fahimtarmu da tasu ba ɗaya ba ce. Maƙwabci Musulmi yana ganin duk Kirista Kirista ne, bai san in muka haɗu a biki akwai maganar da muke kewayewa ba.

Wanda ke ɗora ni kan babur shi ne na uku. Imanin Katolika shi ne cewa in firist ya yi addu'ar keɓewa a kan gurasa da ruwan inabi a cikin Misa, ainihinsu ya zama jikin Almasihu da jininsa, alhali kamanni da ɗanɗano da nauyi suna nan yadda suke. Wanda ya kai gurasar ɗakin gwaji alkama zai gani, Ikkilisiya ba ta taɓa cewa zai ga wani abu dabam ba. Na san yadda wannan magana ke faɗawa a kunnen wanda ba a cikinta ya tashi ba. Tun a ƙarni na 2 arnan Rum ke zargin Kirista da cin naman mutane saboda ita, kuma ni ma wani ɗalibina ya taɓa tambayata, cikin ladabi da rawar murya, ko gaskiya ne muna shan jini a coci. Na ce masa abin da ke cikin ƙoƙon ruwan inabi ne, ɗan kaɗan, kuma yawanci fada kaɗai ke sha. Mu jama'a gurasa muke karɓa, farar aba ce siririya da ba ta fi kwabo faɗi ba, ba gishiri ba yisti, tana narkewa a harshe. Ba na neman kowa ya yarda da abin da na yarda. Ina so dai mai karatu ya sa kansa a wurina na minti ɗaya: in har ka gaskata cewa wanda kake bauta wa yana ba da kansa a cikin wannan loma, kilomita 70 tafiya ce?

Gurasar dole ta alkama ce, abin shan dole na inabi. Ba a yi da gero, ba a yi da fura. Akwai malaman tauhidi na Afirka da suka daɗe suna tambayar dalili: in Almasihu abincin mutanensa ya ɗauka a hannu, me ya sa mu ba za mu ɗauki namu ba? Roma ba ta amince ba. Tambayar tana da ƙarfi, don ba ƙaramin abu ba ne a ce ibadar talakan Sahel ta dogara da kwalbar da aka shigo da ita daga wata ƙasa. Duk da haka ni ina bayan alkama. Ita ce ke tuna mini cewa abin ya faru ne a wani dare takamaimai, a wani ɗaki a birnin Ƙudus, kuma mu gayyatarmu aka yi zuwa wannan jibin, ba namu muka shirya ba.

Sai kuma firist, wanda in babu shi babu Misa. A nan ne girman ƙasarmu ke zama nauyi. Kirista duka-duka ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba, Katolika kuma wani yanki ne na wannan. Dayosis biyu ne a ƙasar: ta Yamai, da ta Maraɗi wadda aka kafa a 2001, ita kuma ta haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa a ƙarƙashin bishop ɗaya. Ka duba taswira, daga Birnin Ƙonni har Bilma. Saboda haka yawancin Lahadi a ƙananan wurare katikis ne ke tara mutane, a karanta Littafi, a yi waƙa, a yi addu'a, a watse. Ibada ce ta gaske, amma kowa a wurin ya san ba Misa ba ce.

Wanda yake da fada ɗaya tak a tsawon tafiyar yini ba shi da zaɓi, wanda aka aiko shi ne nasa. Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so in faɗa. A shekarun baya mahaifiyata ta kwanta ciwo mai tsanani, kuma fadan da ke kula da yankin da take zaune a lokacin mutum ne da ba a jin daɗinsa. Yana da zafin rai, yana yi wa tsofaffi tsawa a gaban ƴaƴansu, kuma ana ƙananan maganganu a kan kuɗin baiko. Da na ce zan kira shi, goggona ta jawo ni bayan ɗaki ta ce: "Kai ɗan nan, wannan mutumin ne zai ɗora wa uwarka hannu? Wace albarka ke hannunsa?" Na ce: "Goggo, ki yi haƙuri, ba tasa muke nema ba." Ba ta gamsu ba, ta dai yi shiru don ni ne babba a ɗakin.

Goggo ba ta san cewa tambayarta ta taɓa raba Kiristocin Afirka ta Arewa gida biyu har fiye da shekara 100 ba. A shekara ta 303 sarkin Rum Diyokilishiyan ya ba da umarnin a rushe coci-coci, a ƙwace littattafai masu tsarki a ƙone. Wasu shugabannin Ikkilisiya sun ƙi, aka kashe su. Wasu suka ji tsoro suka miƙa. Da wuta ta lafa, sai wani ɓangare a Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ya ce duk wanda ya miƙa littafi hannunsa ya ƙazantu: baftismar da ya yi banza ce, wanda ya naɗa bai naɗu ba, sai an sake. Ana kiransu da sunan jagoransu Donatus. Kada a ɗauke su mutanen banza, ƴaƴan waɗanda aka kashe ne, kuma ganin matsoraci a kan bagade yana ci musu rai. Wanda ya fi kowa tsaya musu shi ne Agustin, haifaffen garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau, bishop na Hippo, wato Annaba. A 411 aka tara bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu a Kartaj aka yi muƙabala, hukunci ya faɗa a kan mutanen Donatus. Hujjar Agustin ita ce mai yin baftisma na gaskiya Almasihu ne, ko hannun wa aka ara. Ya kawo misalin da duk mai lambu zai gane: ruwa yana bi ta magudanar dutse ya isa fangali, dutsen ba ya tsirar da komai, amma shuka ta sha.

Wannan koyarwa mutanen ƙauye ta fi yi wa amfani. In da ingancin sakramenti yana rataye da tsarkin fada, da babu mahaluƙin da zai taɓa sanin ko an yi masa baftisma, don wa ya san zuciyar wani? Sai ka bincika fadan, ka bincika bishop ɗin da ya naɗa shi, da wanda ya naɗa wancan, har ka ɓace. Mai kuɗi a babban birni zai iya zagayawa ya nemi fadan da ya kwanta masa a rai. Tsohuwa a kan tabarma ba za ta iya ba. Sai dai koyarwar tana da haɗarinta, kuma duniya ta gani. Abin kunyar da ya fito a Amurka da Ayilan da Faransa, na limaman coci da suka ci zarafin yara aka rufa musu asiri, ya nuna yadda mutum zai iya fakewa da rigarsa. Cewa Misarsa ta inganta ba ta wanke shi da komai ba, a gaban Allah ko a gaban alƙali. Agustin da kansa bai ce dutsen magudana ya zama lambu ba.

Fadan ya zo, da ƙura har gira, bai gaisa da kowa da kyau ba. Ya fitar da mu, ya saurari furcin Inna, ya kira mu muka dawo. Ya ɗora mata hannu a ka shiru, ya shafa mata mai a goshi da tafin hannu biyu, ya ba ta gurasar da ya zo da ita a ɗan ƙaramin gwangwani. Duka bai fi minti 20 ba. Inna ta ce: "Fada, sannu da hanya, Allah ya huta gajiya." Man nan bishop ne ke keɓe shi sau ɗaya a shekara, a Mako Mai Tsarki kafin Ista, duk limaman dayosis su hallara kowa ya ɗebi na yankinsa, wato abin da ya taɓa goshinta daga tulu ɗaya ya fito da wanda za a shafa wa wani a can wani gari da ba ta taɓa jin sunansa ba. Ta tashi daga wannan ciwon, ta ƙara shekara biyu. Ba na kawo wannan a matsayin hujja, don maganin likita ma ta sha, kuma sakramentin bai yi alƙawarin warkar da jiki kowane lokaci ba. Abin da ya yi alƙawari shi ne ƙarfin zuciya da gafara. A da ana kiransa shafawar ƙarshe, sai majalisar Vatikan ta biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta maido da shi na marasa lafiya da tsofaffi gaba ɗaya. Amma har yanzu mutanenmu suna jin kiran fada kamar kiran masu haƙa kabari, sai numfashi ya kusa ɗaukewa a fara neman lambarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To in halin fada ba ya ɓata sakramenti, ashe bai zama asirin da muka guje wa sunansa ba? Bambancin yana wajen mai karɓa. Wanda ya je wurin boka yana neman abin da zai yi aiki ko da wace zuciya ya riƙe shi, ya tilasta wa abu ya faru. Sakramenti kyauta ce da aka miƙo. An miƙo ta da gaske, amma wanda ya dunƙule hannu ba abin da zai shiga. An fi ganin haka a furta zunubi. Koyarwar ita ce Allah kaɗai ke gafarta zunubi, firist wakili ne da aka ba izinin furta gafarar. Wanda ya zo babu nadama, ko ya ɓoye babban laifi da gangan, ya fita yadda ya shiga. Wanda ya ci kuɗin wani sai ya yi niyyar mayarwa. Kuma dole ka faɗa da bakinka. Na ga amfanin wannan a aji: yaron da ya ce "a yi haƙuri, tulu ya fashe" da wanda ya ce "Mushe, ni na fasa tulu" ba wuri ɗaya suke tsaye ba. Tun 1215 aka wajabta wa kowane ɗan Katolika yin wannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Fada kuwa an ɗaure bakinsa ɗaurin da babu kwancewa: in ya tona abin da ya ji, ko ga hukuma, ko don ceton ransa, ya fita daga tarayyar Ikkilisiya nan take. A babban birni mutum yana iya zuwa inda ba a san shi ba. A ƙaramar mishan, inda fada ya san muryarka, ya san matarka, jiya ma kun ci abinci tare, durƙusawar tana da ɗaci.

Abin da ake tsanantawa a kansa shi ne kayan aikin, da kalmomin, da niyyar yin abin da Ikkilisiya ke yi. Tsananin ya kai inda wani lokaci yake ba ni mamaki. A 2020 ofishin koyarwa na Vatikan ya bayyana cewa baftismar da aka yi da "mun yi maka" a maimakon "na yi maka" ba ta inganta ba. Wani matashin fada a Ditroyit ta Amurka ya tuna da bidiyon baftismarsa ta jarirantaka, inda dikin ya ce "mun". Ashe shi ba a taɓa yi masa baftisma ba, saboda haka naɗinsa ma bai naɗu ba. Cikin ƴan kwanaki aka yi masa baftisma, aka ƙarfafa shi, aka sake naɗa shi, aka shiga neman mutanen da suka karɓi sakramenti a hannunsa. Wasu sun yi dariya, wasu sun yi fushi. Dalilin da aka bayar shi ne na Agustin: "na" ɗin nan bakin Almasihu ne, jama'a ba su da ikon mayar da shi nasu. Na fahimci hujjar, amma tausayina yana wajen iyayen da suka yi shekara 30 da kwanciyar rai.

Wani abin lura a labarin shi ne baftismar da shi wannan fadan ya yi wa jarirai duk ta inganta, don baftisma ba ta jiran firist. In rai yana cikin haɗari kowa na iya yin ta, mace ko namiji, har wanda ba Kirista ba, muddin ya zuba ruwa, ya faɗi kalmomin, da niyyar yin abin da Ikkilisiya ke nufi. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, kamar ƙarfafawa da naɗi, ba a gogewa ba a maimaitawa. Tarihi ya gwada wannan a wuri mai nisa da mu. A 1614 mahukuntan Japan suka haramta addinin Kirista, aka kori limamai, aka kashe waɗanda suka ɓuya. Fiye da shekara 200 wasu ƙauyuka a yankin Nagasaki suka yi babu fada ko ɗaya. A kowane ƙauye akwai mutumin da aikinsa shi ne yi wa jarirai baftisma a ɓoye, sunan muƙaminsa ma daga kalmar ruwa aka samo shi. A 1865, da aka gina coci don baƙi Turawa, sai ga wasu manoma sun shigo sun gaya wa fadan Bafaranshe cewa imaninsu ɗaya da nasa. Kakanni bakwai ko takwas ba su taɓa ganin Misa ba. Nakan tuna da su in damina ta yanke hanya na yi wata biyu ban je ba.

Aure shi ma ba fada ke ba da shi ba. A koyarwar cocin Latin, wadda muke bi, ango da amarya ne ke ba juna sakramentin da yardarsu, fada shaida ne a madadin Ikkilisiya. A ƙasa irin tamu, inda gida ɗaya kan haɗa addini biyu, akwai ƙarin bayani. Ƙanwata Musulmi take aure. Sai da aka nemi izinin bishop, aka ba da, kuma aurenta halastacce ne a idon Ikkilisiya, tana karɓar Yukaristiya kamar kowa. Sai dai ba a kiransa sakramenti, don wannan sai tsakanin mutum biyu masu baftisma.

Inda abin ya fi ciwo shi ne mata biyu. Auren Katolika mace ɗaya ne, namiji ɗaya, har mutuwa. Dokar Ikkilisiya ta 1983 ta ce mai mata da yawa da ke son baftisma sai ya zauna da ɗaya, ya sallami sauran, tare da kula da bukatunsu bisa adalci. A takarda layi biyu ne. A ƙasa kuwa mace ce da ta haifa maka ƴaƴa shida, ta yi shekara 25 tana daka maka, a ce ta koma gidan wa? Amaryar ma ƙofar a rufe take gare ta muddin tana ɗakin.

A mishan ɗin da nake zuwa Misa shekarun da nake can ƙauye, akwai wani dattijo da muke kira Baba. Daga addinin gargajiya ya fito, ya riga ya yi mata biyu kafin ya fara zuwa coci. Ya san katikisma fiye da wasu masu koyar da ita, shi ke share harabar ranar Asabar, ƴaƴansa da jikokinsa duk an yi musu baftisma. Shi kuwa ya ce ba zai kori ko ɗaya ba, don babu wadda ta yi masa laifi. Limamai sun zo sun tafi, babu wanda ya iya ba shi wata amsa, shi ma bai taɓa neman a karya masa doka ba. In lokacin karɓa ya yi, duk muka tashi muka yi layi, yana zaune a bencin baya da hularsa a gwiwa. Na taɓa ce masa: "Baba, ba ka gajiya da zaman nan?" Ya ce: "Mushe, wanda ke bakin ƙofa ai yana jin ƙamshin miya." Ni da nake ƙorafin kilomita 70, shi taku 20 ne tsakaninsa da bagade, ya yi shekara fiye da 30 bai taka su ba.

Uwargidan ta rasu da kaka, bayan an gama yankan gero. A daren Ista na shekarar da ta biyo aka yi masa baftisma tare da matar da ta rage, aka ƙarfafa su, suka karɓi Yukaristiya ta farko, yana da shekara kusan 80. Gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, sai kujera aka kawo masa gaban kwaryar ruwan, jikansa ya riƙe masa hula.